Abin da Ya Kamata Ku Sani: Tsuntsayen Birnin Kano, Kududdufansa, da Darasin da Ya Dace a Koya wa Yara

A makarantun firamare da dama a Amurka akan koya wa yara labarin wata mikiya mai farin kai, wadda ita ce tambarin ƙasarsu. Darasin ba ya tsayawa a cikin aji. Malamai sukan kai yaran bakin kogi ko tafkin da ke kusa da su, su hangi sheƙar tsuntsuwar daga nesa, su duba lafiyar ruwan, su tsince sharar da ke gaɓa. Dalilin da ya sa ake haɗa tsuntsu da ruwa a darasi guda shi ne, mikiyar nan kifi ne abincinta, kuma ta taɓa kusan ƙarewa saboda gubar da ta gangara cikin ruwa.

A cikin birnin Kano ma muna da labari irin wannan, sai dai har yanzu ba mu mai da shi darasi ba. Muna da rafin Jakara, muna da kududdufai, muna da ungulun da ta ɓace mana, da shamuwar da ke shigowa gab da damina. Kuma babu wanda ya kai yaranmu kusanci da wannan ruwa. Su ake aika zubar da shara, su ne ke iyo a kududdufi idan zafi ya tsananta, su ne kuma cutar ruwan ke fara kamawa. Ga abin da ya kamata iyaye da malamai da masu unguwanni su sani.

Me ya faru da mikiyar Amurka?

Tun 1782 Amurkawa suka sa hoton wannan mikiya a hatimin gwamnatinsu. Babbar tsuntsuwa ce, idan ta buɗe fukafukanta faɗinsu yakan kai kusan mita 2, kuma kanta ba ya yin fari sai ta kai shekara 5 ko kusa da haka. A kan dogayen itatuwa na bakin ruwa take sheƙa, kuma takan koma sheƙa ɗaya shekara da shekaru tana ƙara mata kirare.

Da farko harbi da sare dazuzzuka ne suka rage ta, har aka kafa dokar kare ta a 1940. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai wata musiba ta zo wadda ba a ganinta da ido. Manoma da hukumomi suka rungumi wani maganin ƙwari mai suna DDT, ana fesa shi a gonaki da fadamu. Ruwan sama ya wanke shi zuwa koguna, ƙananan halittun ruwa suka sha, kifi ya ci su, mikiya ta ci kifin. Maganin ba ya fita daga jiki da sauƙi, don haka duk wanda ya ci na ƙasa da shi sai gubar ta ƙara taruwa a jikinsa. Mikiya kuwa ita ce ta ƙarshe a layin, sai kasonta ya fi na kowa. Ɓawon ƙwanta ya zama sirara, ta yadda idan ta kwanta a kai sai ya fashe. A 1963, sheƙa 417 kacal aka ƙirga masu mace da namiji da ke hayayyafa a jihohi 48 na ƙasar.

Wata masaniyar kimiyya, Rachel Carson, ta fitar da littafi a 1962 da ya farkar da jama'a kan illar irin waɗannan magunguna. A 1972 aka hana fesa DDT a gonakin Amurka, a shekarar kuma aka ƙarfafa dokar tsaftace koguna. Aka killace wuraren sheƙa, aka hukunta masu harbi. Ya zuwa 2007 sheƙun sun doshi 10,000, aka cire tsuntsuwar daga jerin halittun da ake fargabar ƙarewarsu. Wato an ɗauki shekara 35 kafin a ga cikakken sakamako, kuma yaran wancan lokaci su ne manyan da suka ƙarasa aikin.

Abin ɗauka a nan ɗaya ne. Tsuntsun da ke ci daga ruwa shaida ne a kan lafiyar ruwan. Idan ya yi ƙaura ko ya daina haihuwa, to akwai abin da ya lalace a ƙasa, kuma abin da ya taɓa tsuntsu ba da daɗewa ba zai taɓa mutum.

Mu kuma waɗanne tsuntsaye ne namu?

Duk ɗan makaranta ya san tambarin Najeriya: dawaki biyu farare, baƙar garkuwa, da jar mikiya a sama. Farin zanen da ya rabu biyu a jikin garkuwar kuwa kogin Neja ne da na Binuwai inda suka haɗu. Ke nan a tambarinmu ma mikiya a kan ruwa take tsaye. Malami zai iya fara darasinsa daga nan ba tare da ya sayi komai ba.

Afirka tana da tata mikiyar mai cin kifi, 'yar uwar ta Amurka ta kusa, ita ma da farin kai da farin ƙirji, tana da kuka mai amo da ake ji daga nesa. Ita ce a tutar Zambiya da tambarin Namibiya. A manyan ruwaye take zama, inda kifi ya wadata kuma akwai dogayen itatuwa, don haka da wuya yaron Yakasai ko na Gwammaja ya gan ta a saman gidansu.

Amma birni yana da nasa. Akwai shirwa da ke shawagi a saman kasuwa da mahauta, wadda matan gida suka sani da ɗauke 'yan tsaki. Akwai belbela da ke bin shanu da rana, da yamma kuma ta yi jerin gwano zuwa itatuwan da take kwana. Akwai zalɓe mai tsayuwa cik a bakin ruwa yana dakon kifi da kwaɗi. Akwai shamuwa, wadda ke zuwa daga kudancin Afirka gab da saukar damina ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, ta cinye fara da sauran ƙwari, shi ya sa manomi ke murna da ganinta, kuma iyayenmu suka hana a jefe ta. Kowane ɗayansu yana buƙatar abu biyu, ruwa mai rai da itacen da zai sauka. Duk unguwar da aka cike kududdufinta aka sare kukarta da rimin da ke cikinta, to ta yi sallama da su.

Daga ina kududdufan birni suka samo asali?

Kano da ƙasa aka gina ta. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara a ƙarni na 12, wadda aka faɗaɗa a zamanin Muhammadu Rumfa da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, da gidaje da zauruka da masallatai, duk daga cikin garin da gefensa aka haƙi ƙasarsu. Ramukan da aka bari su ne damina ta cika suka zama kududdufai. Saboda haka kusan kowace tsohuwar unguwa tana da nata.

A tsakiyar garin kuma akwai Jakara. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambace ta tun zamanin da mutanen Dala suke tsafi, a matsayin kurmi mai baƙin ruwa da ake girmamawa. A gefenta Rumfa ya kafa kasuwar Kurmi. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, wanda ya shigo Kano a 1824, ya rubuta cewa wata babbar fadama ta kusan raba garin gida biyu, ya kuma ambaci agwagin ruwa da sauran manyan tsuntsaye da ungulaye da ke zama a wurin, har ya lura cewa ungulayen su ne masu share garin. Bajamushe Heinrich Barth da ya zo a 1851 ya sa Jakara a taswirar birnin da ya zana. Duk su biyun sun koka da ƙazantar ruwan, don haka matsalar ba yau ta fara ba. Bambancin shi ne a da tsuntsaye da kifi suna iya rayuwa a cikinta, kuma sharar wancan zamani toka ce da ganye da kashin dabbobi, abubuwan da ƙasa ke cinyewa.

Kududdufi yana da aikin da ba a cika gode masa ba. Idan aka tafka ruwa a watan Agusta, shi ke karɓar abin da ya gangaro daga lunguna. Yana riƙe ruwan ya tsuma a hankali cikin ƙasa, rijiyoyin unguwa su samu. Dabbobi su sha, magina su ɗiba, masunta su kama tarwaɗa. Idan aka mai da shi juji, shekara kaɗan sai ya cike, wani ya zo ya ce fili ne, a yanka a yi gini. Ruwan sama kuwa bai san an sayar da wurin ba. Zai zo kamar yadda ya saba, idan bai sami mazauninsa ba sai ya shiga zauren maƙwabta, ya jiƙa gindin katangar ƙasa, ta zube, wani lokacin a kan mutane suna barci. Yawancin ambaliyar da ake kuka da ita a lungunan birni daga nan take, tare da magudanun da leda ta toshe.

Ina ruwan kwatarmu yake zuwa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a yi wa yaro, domin yawancinmu muna ɗauka cewa abin da ya bi rariya ya tafi ke nan. Ruwan wanke-wanke ya fita daga gida zuwa kwatar lungu, daga nan zuwa lambatun bakin titi. A babban ɓangare na birni, lambatun Jakara yake kaiwa. A wa'adin mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, aka fara aikin rufe wani sashe na Jakara da kankare a shimfiɗa titi a kai, daga cikin gari zuwa Kwarin Gogau. Rufewar ta ɓoye ruwan daga ido, amma yana nan yana gudu a ƙarƙashi da duk abin da aka zuba masa.

Daga birni Jakara ta nufi arewa maso gabas, ta kwashi ruwan mahauta da na Fagge da Sabon Gari. Can gaba rafin Getsi ya shigo mata da ruwan masana'antun Bompai. Daga nan ta zarce madatsar ruwa ta Wasai da ke yankin Minjibir, wadda aka gina a shekarun 1970. A gefen wannan hanya masu lambu suna ban ruwa da shi, suna noma latas da kabeji da alayyahu da karas, a dam ɗin kuma ana kamun kifi. Kayan lambun da kifin kasuwannin Kano suke dawowa. Masu bincike na Jami'ar Bayero da wasu jami'o'i sun sha auna ruwan Jakara da ƙasar lambunan gefenta, suna samun sinadarai masu nauyi irin su dalma da kuromiyam, wanda masana'antun jima ke amfani da shi. Ta kudu ma haka abin yake, ruwan masana'antun Sharaɗa da Challawa yana gangarawa kogin Challawa.

Kogin Challawa da kogin Kano su suka haɗu suka zama kogin Haɗejiya, wanda ke ciyar da fadamun Haɗejiya da Nguru kafin ya nufi Tafkin Chadi. Waɗannan fadamu suna cikin wuraren da tsuntsaye suka fi taruwa a Afirka ta Yamma. Dubban tsuntsaye sukan baro Turai idan sanyi ya kama, su ƙetare Sahara su sauka a can, kuma a shekarar 2000 aka sa yankin Nguru cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Ashe abin da Kano ta zuba wa ruwa yana da hannu a rayuwar manomi da masunci da makiyayin Jigawa da Yobe, har da tsuntsun da ya taso daga wata nahiya.

Ina ungulu ta tafi?

Duk wanda ya girma a birni kafin shekarun 1990 zai tuna ungulaye jere a kan katangar mahauta da saman rumfunan kasuwa, ba sa ko tsoron mutane. Yau akwai ɗan sakandare a Kano da bai taɓa ganin ungulu da idonsa ba, sai dai ya ji ta a karin magana. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa wannan ungulu ta cikin gari a matakin ƙarshe kafin ƙarewa.

Dalilan sanannu ne. Ana kama ta a sayar da kanta da sauran sassanta ga masu neman asiri da magani, kuma kasuwar ta fi ƙarfi a Najeriya da maƙwabtanta. Ana zuba guba a mushe don kashe karnuka ko namun daji, ungulaye su taru su ci su mutu gaba ɗaya. An sare manyan itatuwan da take sheƙa. Ita kuwa ƙwai ɗaya tak take yi a lokacin haihuwa, saboda haka duk wadda aka kashe, maye gurbinta sai an daɗe.

Mutane suna ƙyamar ungulu, amma aikinta na tsafta ne. Cikinta yana da ƙarfin narkar da ruɓaɓɓen nama tare da kashe ƙwayoyin cuta da yawa da ke cikinsa. Indiya ta ga abin da rashinta ke jawowa. A shekarun 1990 ungulayen ƙasar suka riƙa mutuwa saboda wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu, diclofenac, wanda ke lalata ƙodar ungulun da ta ci mushen. Wasu nau'o'in sun ragu da fiye da kashi 95 cikin 100 kafin a hana ba dabbobi maganin a 2006. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili da bakin ruwa, karnukan titi suka ƙaru, cizon mahaukacin kare ya ƙaru tare da su. A Kano, mushen akuya ko jakin da ungulu za ta share a yini ɗaya, yanzu kwata ko kududdufi ake jefa shi.

Wane haɗari ruwan ke da shi ga yara?

Kafin a kai yaro kusa da kududdufi don karatu, wajibi ne ya san abin da ke cikinsa. Na farko shi ne tsargiya. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar su ƙyanƙyashe su shiga jikin wani ƙaramin dodon koɗi, su girma, su fito suna yawo a ruwan. Yaro ya shiga iyo, tsutsar ta huda fatarsa ba tare da ya ji ba. Bayan wasu makonni ko watanni sai a ga jini a ƙarshen fitsarinsa. A wasu wurare akan ɗauki wannan alamar balaga ce ga ɗa namiji, alhali cuta ce da ke jawo ƙarancin jini da kasala a aji, idan ta daɗe kuma ta taɓa mafitsara da ƙoda. Tana da magani, Praziquantel, wanda akan raba a makarantu. Sai dai idan yaro ya koma ruwan zai sake kamuwa.

Na biyu sauro. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi bai fi mako ɗaya zuwa kwana 10 ba a lokacin zafi. Sauron da ke damunmu da kuka da dare yawanci a baƙin ruwan kwata yake haihuwa. Mai kawo zazzaɓin cizon sauro kuwa ya fi son ɗan ruwan sama da ya kwanta a rana, kamar na sawun mota da ramin da aka ɗebi ƙasa da gefen kududdufi mara zurfi. Kududdufin da ke da kifi da kwaɗi yana da masu cinye tsutsar sauro. Wanda shara ta kashe kifinsa ya zama na sauro shi kaɗai.

Na uku amai da gudawa da taifot, waɗanda ke yaɗuwa idan bahaya ya sami hanyar shiga ruwan sha, musamman inda masai ke kusa da rijiya ko bututun famfo ya fashe a cikin kwata. Na huɗu nutsewa. Kududdufi rami ne da aka haƙa, gefensa na iya zama iya gwiwa, taku biyu gaba kuma ya shanye babban mutum. Kainuwa ta rufe samansa ya yi kamar fili, ƙasansa kuma laka ce mai riƙe ƙafa.

Yaya za a koyar da wannan ba tare da kashe kuɗi ba?

Abu na farko shi ne bin sawun ruwa. Malami ya fito da 'yan aji huɗu ko biyar bakin ƙofar makaranta, ya zuba bokitin ruwa a kwata, a bi shi da ƙafa a ga inda ya nufa, inda ya tsaya, da abin da ya tsayar da shi. A mafi yawan lokuta abin da za su gani shi ne ledar fiya wata da robar lemo da tsumma sun cunkushe a bakin kwalbati, baƙin ruwa ya taru a baya yana kumfa. Idan an dawo aji kowa ya zana taswirar abin da ya gani. Yaron da ya ga leda irin wadda ya yar jiya ita ce ta tare ruwan lungunsu, ya fahimci abin da wa'azin wata guda ba zai fahimtar da shi ba.

Na biyu, littafin tsuntsaye. A ware littafi ɗaya a aji, kullum da safe yara biyu su tsaya minti goma a filin makaranta su rubuta tsuntsayen da suka gani da adadinsu. A rubuta ranar da aka fara ganin shamuwa da ranar da aka yi ruwan farko. Bayan shekara uku makarantar ta mallaki tarihin da babu shi a ko'ina, yaran kuma sun koyi ƙirga da lura da rubutu a lokaci guda.

Na uku, gwaje-gwaje masu sauƙi. A binne leda da ɓawon ayaba a kusurwar fili, a tono bayan wata guda a ga wanda ƙasa ta ci. Malami ya ɗebo ruwan da ya kwanta a kwalba mai haske ya rufe bakinta da ƙyalle, yara su kalli tsutsar sauro: wadda ta kwanta a miƙe a saman ruwa ita ce ta mai kawo zazzaɓi, wadda ta rataye kai ƙasa kuma ta sauron kwata ce. A yanka gorar roba a manna mata ma'auni a ajiye a fili don auna ruwan sama.

Na huɗu, a tura su wurin tsofaffi. Aikin gida ya zama tambaya: “Kaka, wane kududdufi ne a unguwar nan lokacin kuna yara, kuma me aka gina a wurinsa yanzu? Yaushe rabonki da ganin ungulu?” Amsoshin da za su dawo da su tarihin unguwa ne da ke shirin ɓacewa tare da masu shi. Makarantar da ta sami hali sai ta ƙara da ziyara: a hau Dala ko Goron Dutse a hangi yadda gari ya kwanta da inda ruwa ke gangarawa, a je gidan tarihi na Gidan Makama, a je gidan namun daji na Audu Bako a ga manyan tsuntsaye kusa da kusa.

Makarantun Islamiyya da na allo suna da babban rabo a nan, domin darasin yana cikin karatunsu tun asali. Yaron da ya fara littafin Ishmawi ya san cewa ana duba ruwa ta launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa kafin a yi tsarki da shi. Ya ji cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu, ya hana ɓarnar ruwa ko da a alwala, ya kuma sanar da cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. Abin da ya rage shi ne malam ya nuna masa cewa kududdufin bayan makaranta da kwatar ƙofar gida suna cikin wannan hukunci.

Akwai ranakun da za a iya jingina aikin da su: 2 ga Fabrairu ranar fadamu ta duniya, 22 ga Maris ranar ruwa, Asabar ɗin farko ta Satumba ranar ungulu. Kusa da gida kuma akwai tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen kowane wata. Masu son ƙarin ilimi za su iya neman Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, NCF, wadda ta daɗe tana kafa ƙungiyoyin muhalli a makarantu, ko cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos, ko malaman sashen nazarin halittu da na labarin ƙasa a Jami'ar Bayero.

Mene ne ba aikin yara ba?

Kada a fake da darasi a ɗora wa yara nauyin manya. Yaro ba ya shiga kwata, ba ya shiga kududdufi, ba ya taɓa shara da hannu tsirara, domin akwai fasassun kwalabe da allurai da reza a ciki. Yashe magudana aikin gayya ne na matasa da magidanta, da shebur da manjagara da takalmin roba. Abin da aka yaso kuma a kwashe shi a ranar, don idan aka tara shi a bakin kwata ruwan farko zai mai da shi inda ya fito.

Haka kuma babu amfanin a ce wa yarinya kada ta zuba shara a lambatu alhali babu wurin zubawa a unguwarsu, kuma idan ta dawo da bokitin gida faɗa za a yi mata. Samar da wurin tara shara da kwashe ta a kan lokaci haƙƙi ne a kan hukumar kwashe shara ta jiha, REMASAB, da ƙananan hukumomin Birni da Dala da Gwale. Hana cike kududdufai da gini a kan hanyar ruwa yana wuyan hukumomin filaye da tsara birni, tare da masu unguwanni da dagatai da hakimai, waɗanda babu filin da ake yankawa ba da saninsu ba. Tilasta wa masana'antu tace ruwansu kafin su sake shi aikin gwamnati ne. Hana cinikin sassan ungulu kuma yana buƙatar hukuma da shugabannin masu maganin gargajiya da malamai su haɗa baki.

Rabon yara shi ne su sani, su lura, su riƙe hannunsu daga ɓarna, su kuma yi tambaya a gida. Wannan ba ƙaramin rabo ba ne. Uban da ɗansa ya tambaye shi, “Baba, ina ruwan zai je idan aka cike kududdufin nan?” zai yi tunani sau biyu kafin ya sa hannu a takardar cinikin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma 'yan aji biyar na yau su ne masu unguwanni da injiniyoyi da kansilolin da za su yanke hukunci kan sauran kududdufan birni nan da shekara 20.

Kududdufan da suka rage ba su da yawa, kuma wanda aka gine ba ya dawowa. Saboda haka kada a jira sabon tsarin karatu daga Abuja ko tallafi daga waje. Shugaban makaranta ɗaya da mai unguwa ɗaya sun isa su fara a zangon karatun nan: su zaɓi kududdufi ko magudanar da ta fi kusa da makarantar, manya su yashe ta kafin damina, yara su riƙa rubuta halin da take ciki kowane mako, a karanta rahoton a taron iyaye da malamai. Unguwar da ta yi haka shekara guda za ta ga bambanci a lungunanta ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, kuma maƙwabtanta za su zo tambayar yadda aka yi.